Suna ya kai mu ƙauye, itatuwa suka riƙe ni

Ɗiyar kawuna ce ta haihu a wani ƙauye arewa da Aguié, ba nisa da Ɗan Saga, Inna kuma ta ce ita fa ba ta shiga mota ita kaɗai da wannan uban kaya, ga turmin atamfa ga katan ɗin sabulu ga bokitin yaji, kuma duk gidan ni ne mai shagon da za a iya bar wa yaro, to haka dai na tsinci kaina a tasha da sassafe cikin sanyin nan na bayan kaka mai fasa leɓe. Hiace ce, sai da ta cika maƙil har da akuya a sama sannan direba ya tuna inda ya aje makulli.

Hanyar Damagaram muka ɗauka. Daga Maraɗi zuwa Aguié wajen kilomita 80 ne, kwalta, ba wata doguwar tafiya ba ce in ban da tsaye-tsaye. Tun kafin Tchadoua abin ya fara ɗaukar min hankali. An gama girbi, an kwashe hatsi, kara ma an fara tattare shi, ƙasa ta yi fari fat, amma gonakin ba tsirara suke ba. Icce ko ina, kuma ba a jere ba irin na proje, a warwatse yake, nan kalgo can sabara can aduwa, ga gawo tsaye kore shar a lokacin da komai ya bushe, awaki sun taru a gindinshi suna jiran abin da zai faɗo. Wani dattijo mai rawani da ke kusa da ni ya ga ina ta leƙe ta taga sai ya ce, yaro, sa'ad da nike kamarka daga nan kana hangen rumbunan garin da ke gaba, ba abin da ka tare maka ido. Na ce to Baba yanzu fa? Ya ce yanzu ko ɓarawon akuya ya samu wurin ɓuya. Motar duk aka sa dariya har mai akuyar da ke sama.

A Aguié muka hau kabu-kabu biyu, Inna na ta salati duk lokacin da mashin ya nutse cikin rairayi. An yi suna lafiya, an yanka rago, an sha hura har ta ishi kowa, wannan ba sai na ja ba.

Bayan la'asar Kawu ya ɗauki gatari da wata 'yar adda ya ce, kai ɗan birni, taho ka ga gonar da uwarka ta yi ma tsaron tsuntsu tana ƙarama. Muka fita. Bai kai ni wurin manyan itatuwan ba, sai ya tsaya a kan wani ɗan kurmin kalgo da bai kai min ƙugu ba, irin wanda in ka gani za ka ce ciyawa ce kawai ta yi tauri. Ya tone rairayin da ƙafa sai ga kututture, tsoho, baƙi, ya ce wanga icce tun zamanin kakanka anka sare shi amma saiwa ba ta mutu ba, kowace shekara tana toho muna sassabe ta muna ƙonewa. Ya duba tohon nan sun fi ashirin, ya zaɓi uku masu ƙarfi da suka miƙe, ya sare sauran, ya rage ma ukun rassan ƙasa har wajen rabin tsayinsu, kuma na lura daga ƙasa yake kai sara zuwa sama, ya ce in ka saro daga sama ɓawon ka tsagewa ruwa ya shiga icce ya ruɓe. Sai ya yagi wani tsumma ja ya ɗaure su tare. Tsumman nan shi ne takarda, duk wanda ya biyo da gatari ko da garke ya san abin nan da mai shi. Shi kenan fa aikin. Babu leda, babu ban ruwa, babu shinge, saiwar ta riga ta yi zurfi tun tuni tana shan ruwa daga inda ɗan dashe ba zai kai ba sai ya shekara nawa, in ma ya rayu. Sassabin zamani suke ce mishi, 'yan proje kuma RNA, taƙaitaccen sunanshi da Faransanci.

Wanda bai sani ba, a Maraɗin nan tamu abin ya samo asali a yadda ake yin shi yanzu. Wani ɗan Ostireliya ne mai suna Tony Rinaudo da ke aikin noma tare da mishan ɗin SIM, ya sha wahalar dasa itatuwa suna mutuwa, rana ta kashe wasu awaki su cinye wasu iska ta binne sauran, sai a 1983 ya gane cewa 'yan kurmin nan da ke cikin gonaki ba ciyawa ba ne, itatuwa ne da aka sare suke neman tashi. Da farko mutane dariya suka yi mishi, don a lokacin manomin kirki shi ne wanda gonarshi take fes babu ko tsinke, mai barin kurmi a gona rago ne. Sai ga yunwar 1984, wadda tsofaffi ke ce ma El Buhari, aka shiga raba abinci a ƙauyuka kusan 100 da sharaɗin mutum ya bar itatuwa a gonarshi, aka raya wajen 500,000. Da abinci ya ƙare aka sare kusan kashi biyu cikin uku. Kawu da kanshi ya ce min mahaifinsu na cikin waɗanda suka sare, kuma bai ga laifinshi ba, icce ne aka bari don buhu, buhu ya ƙare. Amma waɗanda suka bar nasu sai aka ga iska ba ta binne musu shuka da rairayi a farkon damina, ba sa maimaita shuka sau uku sau huɗu, ga iccen girki ga abin ba bisashe, to daga nan ba wanda ya sake raba ma kowa hatsi, maƙwabci ya gani wurin maƙwabci, 'yan ci-rani suka kai labari gaba. Da masu bincike suka zo suka gwada hotunan sama na da da na tauraron ɗan adam bayan shekara ta 2000, lissafin da suka fitar shi ne wajen hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. A 2018 aka ba Rinaudo kyautar Right Livelihood, wata lambar yabo ta duniya, shekara ɗaya da manomi Yacouba Sawadogo na Burkina Faso.

Ni dai ba na son yadda wasu ke ba da labarin kamar Bature ya zo ya koya ma Bahaushe darajar icce. Gawo fa tun zamanin sarakunan Damagaram sare shi babban laifi ne, kuma duk tsohon manomi ya san hatsin gindin gawo ya fi na fili, tunda shi da damina yake zubar da ganye ya bar ma shuka rana, da rani kuma ya yi inuwa bisashe su kwanta su bar taki. Sanin yana nan. Abin da ya hana mutane shi ne icce ba nasu ba ne.

Wannan Kawu ya fi daɗewa a kai, muna zaune a gindin wata aduwa yana fere sanda. Ya ce a da doka ta ce icce na gwamnati ne ko da cikin gonarka ya tsiro, ka sari reshe ɗaya don ka gyara rumbu a zo a ci ka tara, wani lokaci har a tafi da gatarin, to mi za ya sa in rena abin da za ya jawo min tara? Sai mutum ya ga ɗan gawo ya fito ya yi maza ya tumɓuke shi tun ba wanda ya gani. Kun ji fa, dokar da aka yi don kare icce ita ke sa a kashe shi tun yana jariri. Sannu a hankali abin ya sassauta, aka yi dokar karkara ta 1993, aka yi sabuwar dokar gandun daji a 2004, ma'aikatan gandun daji da yawa suka koma ba da shawara maimakon farautar masu gatari, manomi ya samu natsuwar cewa abin da ya rena shi zai ci moriyarshi. Kowace 3 ga Agusta muna ganin manya a talabijin da babbar riga suna dasa icce ana tafi, ba na ce kar a yi ba, amma da yawa daga cikin dashen nan kamar jaririn da aka yi ma suna ne aka watse babu mai shayarwa, ka koma wurin watan Maris ka ƙirga abin da ya rage.

Washegari na yi sa'a komite ɗin tsaron itatuwa na garin suna da zama, Kawu na ciki, ya ce in zo amma in kama bakina. Irin wannan komite Ɗan Saga ce ta yi suna da shi, da taimakon proje ɗin FIDA, asusun bunƙasa noma na Majalisar Ɗinkin Duniya, a yankin Aguié, har baƙi daga wasu ƙasashe suna zuwa gani, garuruwan kewaye kuma suka kwaikwaya. Abin da ya burge ni shi ne waɗanda ke zaune a kan tabarmar. Akwai wakilin mai gari, akwai samari masu zagaya gonaki, akwai mata biyu, akwai kuma wani dattijon Bafulatani daga rugar da ke bayan gari. Ƙarar ita ce an sassare rassan wani gawo cikin dare an ba bisashe, an bi sawu ya nufi ruga. Mai gonar ya zo da zafi yana cewa a kai magana gaba, ranka ya daɗe wannan ba shi ne na farko ba. Bafulatanin bai musa ba, ya ce yaronsu ne kuma za su biya abin da aka yanke, amma shi ma yana da tashi ƙarar, burtalin da ke zuwa rijiya kowace shekara ƙara matsewa yake, wanda ya sari gawo an san tararshi, wanda ya ci burtali da garma fa nawa ne tashi? Wurin ya yi tsit, don mai gonar da ke ta faɗa gonarshi na bakin burtalin. Aka daɗe ana ja, a ƙarshe aka yanke tara ta shiga asusun komite, aka kuma sa ranar da za a je a duba iyakar burtali tare. Da babu Bafulatanin nan a kan tabarma wlh da labarin daban ne, da an ci tara an tashi, shi kuma ya tafi da abin a ciki, kuma mun san inda irin wannan ke kai mutane.

Ɗaya daga cikin matan, Gwaggo nake ce mata don ƙawar Inna ce tun suna 'yan mata, ita ta fi kowa tsanani a zaman. Da na tambaye ta daga baya ta ce ɗana, kai ba ka taɓa fita neman icce tun hantsi ka dawo bayan azahar da ɗan abin da bai dafa tuwon kwana biyu ba, mu mun yi, mun yi girki da kara da kashin shanu har idanunmu sunka lalace da hayaƙi. Yanzu abin da aka rage daga rassa ya ishe ta har ta sayar, ga 'ya'yan kalgo da na gawo tana tarawa tana sayar ma masu kiwo, ga aduwa ga magarya. Ta ce namiji in ya ga icce kuɗin gungume yake gani sau ɗaya, ita kuwa kowace shekara take ci.

Ba komai ne daɗi ba dai. Wani saurayi ya ce min itatuwan na tara tsuntsaye lokacin da hatsi ya fara ido, wani ya ce in ka bar su suka yi yawa ba ka rage ba inuwa ta kashe maka gyaɗa, kuma mai garmar shanu yana jin haushin kututture. Wanda ya fi damuna shi ne waɗanda ba su da gona. A da daji na kowa ne, matar da ba ta da ko taku ɗaya na ƙasa tana fita ta samo icce, yanzu kowane kurmi da jan tsummanshi, sai ta roƙa ko ta saya. Na faɗa ma Kawu haka, ya ce ana ba su, ba a hana maƙwabci rassa. Ana ba su ɗin, amma roƙo roƙo ne.

A motar dawowa na zauna kusa da wani Buzu daga wajen Bermo, ya kawo raƙuma kasuwa ya sayar zai koma ta Dakoro. Hira ta kai mu Gadabeji, gandun dajin nan na arewa da aka keɓe tun 1955, hekta 76,000, wanda UNESCO ta sa cikin jerinta na wuraren kare namun daji da tsirrai a 2017. A ƙarshen 2018 aka ɗauko raƙuman dawa 8 daga Kure ta wajen Yamai, tafiyar fiye da kilomita 800 cikin babbar mota, aka sake su a can bayan kusan shekara 50 da fari da farauta suka ƙarar da na wurin. Ya ce ranar da ya fara ganin su ya ɗauka idonshi ne, kakanshi kaɗai ya taɓa ba shi labarinsu. Masu bin sawunsu kullum 'ya'yan makiyayan wurin ne da aka ɗauka aiki, kuma a ganinshi shi ya sa har yanzu suke yawo lafiya, don baƙon da ya shigo da bindiga kafin ya sha ruwa labari ya riga ya kai. Ya kuma ce in shekara ta yi muni ciyawa ta ƙare a waje, ba makiyayin da zai tsaya yana kallon ta cikin gandu bisashenshi na mutuwa, wannan rigimar tana nan ba ta ƙare ba.

Da na dawo abin bai bar ni ba, ranar Lahadi na ja wani abokina muka hau mashin muka nufi Madarunfa, kilomita ashirin da 'yan kai kudu da gari, ta Jiratawa inda lambunan zogale suka yi kore har ka manta rani ake. Tafkin na cike, masunta a kan gora wasu cikin kwalekwale, balbela da zalɓe a baki, mata na soya tarwaɗa da karfasa. Wurin nan ba ƙaramin wuri ba ne a takarda, tun 2006 Nijar ta gabatar da shi ga UNESCO, tafkin da gandun dajin da kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye, a 2019 kuma ya shiga jerin Ramsar na tafkuna da dausayin da duniya ta yarda a kare. Maganar ziyarar kaburbura ba zan shiga ba, kun san Maraɗi da wannan gardama, amma abin da idona ya gani shi ne iccen da ke kusa da kabari ba mai kai mishi gatari.

Gandun dajin kuwa, hekta 800 da ɗoriya, muka ɗan zaga gefenshi. Akwai manyan itatuwa masu kyau, tsamiya da kuka da sauransu, irin waɗanda ba ka samu a gona, amma ga kututture sabon sara nan da can, ga sawun amalanke ya shiga ya fito, kuma ƙananan da za su gaji manyan ba su da yawa don duk abin da ya tsiro baki ya riga shi. Ba jan tsumma ko ɗaya. Wani tsohon masunci da muka sayi kifi wurinshi ya ce min Alhaji, (ni da ko Agadez ban taɓa wucewa ba) tafkin nan cikewa yake da yashi, duk inda aka sare icce a tudu damina sai ta kwaso ƙasar ta zuba mana, ga masu taru mai ƙananan ido suna kwashe har 'ya'yan kifi, ga ruwan gulbi ba ya zuwa kamar da tun da aka yi dam a Jibiya. Na ce to Baba ku masunta ba ku da komite? Ya ce suna da ƙungiya kuma a kan ruwa suna iya tsawata ma juna, amma tudu ba nasu ba ne, wanda ke sara a can ba ya cin kifi da su balle ya ji maganarsu.

Na so mu ƙarasa Baban Rafi ta wajen Gabi, babban dajin da ya daɗe yana ciyar da murhun Maraɗi, inda tsofaffi ke ba da labarin giwaye na shigowa daga Najeriya. Can ma an gwada ba mutanen ƙauyuka riƙon daji, bayan dokar 1992 da ta kafa kasuwannin icce na karkara, masu sara su yi ƙungiya, a raba daji kashi-kashi ana sara ana hutar da wani, a sayar a wuri ɗaya wani abu ya shiga asusun gari. Abokina ya ce in dai da mashin ɗinshi ne ba za a je ba, masuncin ma ya ce kar mu soma. 'Yan bindiga sun maida dajin mafaka shekarun nan, satar shanu da satar mutane, kuma ba komite ɗin da zai fita zagaye da sanda ya tari mai bindiga. Muka ƙulle kifinmu a leda muka juyo tun rana ba ta faɗi ba.

Muna da wata gona ta gado a hanyar Ɗan Isa, tun rasuwar Baba wani muke ba haya shekara-shekara, kuma duk bazara sassabe ta yake fes ya tara ya cinna wuta. Da daddare na samu Yaya na ce mu sa mishi sharaɗi ya riƙa barin toho ko arba'in ne a hekta. Yaya ya ce kai ma dai, mutumin da bai san ko baɗi shi zai noma ta ba zai rena maka gawon da sai ya shekara goma? Na ce to mu ba shi ta shekara biyar a rubuce gaban mai gari, rassan da ya rage nashi, gungume namu. Ya ce in ka ba mutum gona shekara biyar da itatuwan da ya rena da hannunshi, ranar karɓa sai an je gaban alƙali, kuma ba mu kaɗai ke da gadon ba, akwai su Hajiya da ke Kano. Inna na jin mu daga ɗaki ta ce a kira kawunku a waya ya faɗi yadda suke yi da masu haya a can. Mun kira layin bai shiga ba, Yaya ya ce a bari sai Hajiya ta zo bikin watan gobe a zauna gaba ɗaya.